Waiwaye: Yadda Sashe na 501(c)(3) Ya Zama Ma'aunin Ɗaukar Ma'aikata a Amurka

Tallan aiki na ƙungiyoyin agaji a Amurka kan zo da sharaɗi guda: sai wanda ya taɓa aiki a ƙungiyar da ke ƙarƙashin 501(c)(3). Wannan sashe, wanda ke yafe wa ƙungiyoyin agaji haraji, ya fara fitowa ne a kundin dokar haraji na 1954, amma asalinsa ya girmi kundin nesa ba kusa ba.

Tun 1894 majalisar dokokin ƙasar ta yafe wa ƙungiyoyin addini da ilimi da taimakon jama'a harajin kuɗin shiga. Kotun ƙoli ta soke harajin a 1895. Dokokin 1909 da 1913 suka maido da rangwamen, bisa sharaɗin da har gobe yana nan: kada rarar kuɗin ƙungiya ta faɗa aljihun wani. A 1917, ana tsaka da yaƙin duniya na farko, aka yarda mai ba da gudummawa ya cire abin da ya bayar kafin a lissafa masa haraji. Kuɗi suka fara kwarara, masu dabara kuma suka biyo sawu.

Galibin ƙa'idojin da suka zo daga baya toshe ɓaraka ne. A 1934 aka taƙaita kamun ƙafar 'yan majalisa. Sai labarin taliya, wanda ya fi ba ni dariya: a 1947 aka sayi kamfanin taliya na Mueller domin ribarsa ta riƙa tafiya sashen koyon lauya na Jami'ar New York, da hujjar cewa kuɗin ilimi ba a taɓa shi. 'Yan majalisa suka ga idan aka bari, kowace masana'anta za ta fake da makaranta, saboda haka a 1950 aka ɗora haraji kan kasuwancin da bai shafi manufar ƙungiya ba. A 1954 Sanata Lyndon Johnson ya shigar da haramcin mara wa ɗan takara baya, a 1987 kuma aka ƙara da yaƙarsa. A 1983 kotun ƙoli ta tabbatar da ƙwace rangwamen Jami'ar Bob Jones saboda wariyar launin fata.

Na baya-bayan nan ya fi cizo. Dokar 2006 ta ce duk ƙungiyar da ta shekara uku a jere ba ta miƙa rahotonta ga hukumar haraji ta IRS ba, rangwamenta ya faɗi kai tsaye. A watan Yunin 2011 hukumar ta fitar da sunayen ƙungiyoyi kusan 275,000 da abin ya rutsa da su.

Da wannan tarihi ya kamata a auna mai neman aiki, kuma a ganina ƙirga shekaru ba ya nuna komai. Mutum na iya shekara goma yana rabon kayan agaji bai taɓa leƙa fom 990, wato rahoton shekara da ƙungiya ke miƙa wa IRS, ba. Gara a tambaye shi: idan mai gudummawa ya ware kuɗinsa don gina rijiya, albashi kuma ya makale, me za ka yi? Idan shugaban ƙungiya ya so sa hoton ɗan takara a shafinta, wa zai taka masa burki? Wa ke yanke albashin shugaban, kuma an rubuta hujjar?

Mai tantancewa ma yana da hanyar bincike, domin fom 990 a buɗe yake ga kowa. Kafin ranar ganawa zai iya duba kuɗin shigar tsohuwar ƙungiyar mutumin da albashin manyanta, ya gwada da abin da aka rubuta masa a takardar neman aiki.