Ba sai ka iya nutso ba kafin ka karanci ilimin teku

An daɗe ana cewa ilimin teku na 'yan bakin ruwa ne, wanda bai iya iyo da nutso ba kada ma ya fara. Ba haka abin yake ba. Aiki mai yawa a ɗakin gwaje-gwaje ake yinsa: auna gishirin ruwa, duba ƙananan halittu da madubin likita, nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a kwamfuta. Ko ƙurar hunturun nan da ke tasowa daga Bodele ta Chadi tana kai sinadarin ƙarfe Tekun Atlantika, masana teku kuma suna bin sawunta.

Duba sharuɗɗan shiga jami'o'in da ke koyar da fannin, za ka ga ilimin halittu da sinadarai da lissafi suke nema. Don Allah a tura wa ɗalibanmu.