Homon ɗin tayirod a jikin 'yan tsaki

Tayirod wasu ƙananan ƙullutai ne guda biyu da ke gindin wuyan kaza, daidai mashigar ƙirji, ɗaya dama ɗaya hagu. Su ke tsotso sinadarin aidin daga jini su haɗa homon (sinadarin da jini ke kaiwa sassan jiki don ya sarrafa aikinsu) iri biyu, T4 da T3, masu daidaita zafin jiki da saurin ƙona abinci da tsirowar gashi.

Tun a cikin ƙwai

Tayirod kan fara aiki wajen tsakiyar kwana 21 ɗin da kaza ke kwanci. Dab da ƙyanƙyasa, lokacin da ɗan tsako ya fara tsaga ɓawo da baki yana shaƙar iska, sai T3 ya ƙaru ƙwarai a jininsa. In tayirod ya gaza, ƙyanƙyasar kan yi jinkiri.

Tarihin gwaje-gwaje

Edward Kendall ne ya fara tace T4 a Amurka a 1914. T3 kuwa sai 1952 aka gano shi. A shekarun 1940 masu binciken kiwon kaji suka samu abubuwa biyu da za a iya zubawa a abinci: furotin ɗin madara da aka haɗa da aidin, mai ƙara homon, da maganin tayoyurasil mai danne shi. 'Yan tsakin da aka ba tayoyurasil da yawa sukan tsumbure, su tara kitse, gashi ya ƙi fitowa da wuri, tayirod ɗin ya kumbura kamar maƙoƙo. Waɗanda aka cika wa homon su ma ba su tsira ba, don jiki kan ƙone abincin su rame. Girma mai kyau a tsaka-tsaki yake.

Tsutsar ciki

Wajen 1948 zuwa 1949 A. C. Todd ya ɗura wa irin waɗannan 'yan tsaki ƙwan tsutsa, ya yanka su daga baya ya auna abin da ya samu. Ya yi aiki da Ascaridia galli, farar tsutsar ƙaramin hanji da macenta kan kai santimita 10, da Heterakis mai zama a tagwayen jakunkunan ƙarshen hanji. Yanayin tayirod ɗin bai shafi tsutsotsin biyu ta hanya ɗaya ba. Shekarun kaza sun fi tasiri a fili: tun kafin nan James Ackert na Kansas ya nuna kaza kan ƙara juriya ga Ascaridia in ta kai wata uku.

A yau

Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobin yanka magungunan danne tayirod tun 1981.