Dokar juya mota a kan titi

Juya mota, wanda direbobi ke kira kwana ko yutan, shi ne direba ya karkata sitiyari a tashi ɗaya ya koma inda ya fito ba tare da ya sa ribas ba. Dokokin tuƙi sun ba shi kulawa ta musamman domin mai juyawa yana rage gudu a hannun da aka fi gudu, sannan ya gitta gaban motocin da ke tahowa yana tafiyar hawainiya. Saboda haka kusan ko'ina ƙa'idar ɗaya ce: mai juyawa ba shi da haƙƙin hanya. Shi zai jira mota, babur da mai tafiya a ƙasa, kuma idan aka yi karo, galibi a kansa laifi ke faɗawa.

Alamar hani ita ce farin faifai mai jan baki, da baƙar kibiya da ta lanƙwasa ta dawo, an ja mata jan layi a karkace. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan alamomin hanya ta amince da wannan siffa. A ƙasashen da ake tuƙi ta dama, kamar Nijar, Kamaru da Najeriya (wadda ta bar tuƙin hagu ranar 2 ga Afrilu 1972), kibiyar hagu take lanƙwasawa. A Ingila da Ostireliya kuwa dama take yi.

Inda aka hana ko babu alama

Akwai wuraren da ba sai an kafa allo ba. Na farko shi ne babbar hanya mai shinge wadda ba a shiga ko fita sai ta mashigai na musamman. Sashe na 25 na Yarjejeniyar Vienna kan zirga-zirga ya hana juyawa, ribas da hawa tsakiyar irin wannan hanya. Wanda ya wuce mafitarsa sai ya haƙura har ta gaba. Haka titi mai hannu ɗaya, domin wanda ya juya a kansa ya fuskanci jama'a ke nan.

Sauran hanin galibi ya ta'allaƙa ne da gani. Lardin Ontariyo na Kanada ya hana juyawa a lanƙwasar hanya ko kusa da ƙolin tudu idan ba a iya hango mota daga nisan mita 150, da kuma cikin mita 30 daga inda titi ya tsallaka layin dogo. Jihohin Amurka da dama suna aiki da ƙafa 500, kusan daidai da na Ontariyo. Kalifoniya ta tsaya a ƙafa 200, wato kimanin mita 61, ta kowane ɓangare. Wannan tazara ba ta da yawa: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya, don haka mita 61 ba ta kai daƙiƙa uku ba. Ƙaramar mota ma da kyar za ta gama juyawa a wannan lokaci, balle tirela.

Dokar Kalifoniya tana da wasu ƙananan rassa. A unguwar kasuwanci ba a juyawa sai a mahaɗa ko a kafar da aka buɗe a shingen tsakiya, kuma ba a juyawa a gaban ƙofar ofishin 'yan kwana-kwana. Amma ta yarda a tsallaka tagwayen layin rawaya don juyawa idan babu haɗari, alhali a Faransa keta layin da bai yanke ba laifi ne kai tsaye.

A gaban danja

Nan ne ƙasashe suka fi saɓani, kuma nan baƙon direba ya fi kwasar tara. Tambayar ita ce: idan babu wani allo, an halatta ko an hana? A Kalifoniya da Ontariyo an halatta, muddin koriyar fitila ta kama kuma direba na hannun da ya fi kusa da tsakiya. A jihar Oregon, maƙwabciyar Kalifoniya, an hana sai in allo ya ba da izini, haka ma lardin Albata na Kanada. Ostireliya ta rabu a cikin gida: jihar Biktoriya ta halatta, sauran jihohin sun hana sai an rubuta izini ƙarara. Direban Melbon, babban birnin Biktoriya, da ya shiga Sidni ta wata jihar da halinsa na gida, takardar tara ce za ta tarbe shi.

Juyawar da aka gina cikin titi

Wasu injiniyoyi sun mayar da juyawa hanyar rage haɗari. A jihar Mishigan ta Amurka, tun shekarun 1960, an hana kwanar hagu a manyan mahaɗai da yawa. Direban da ke son zuwa hagu zai wuce gaba, ya juya a wata kafa da aka tanada, ya dawo ya shiga dama. A Tekzas ana keɓe hannu na juyawa a ƙarƙashin gadar sama, ba ruwansa da danja. Tailan kuma gada sukutum take ginawa don juyawa kaɗai.

A tagwayen titunan Najeriya, shingen kankare da kafofin da aka bari a jikinsa su ke nuna inda ya halatta a juya. Matsalar ita ce idan kafa ta yi nisa, sai ka ga mai a-daidaita-sahu ya manne da gefen titi ya kunna fitila yana bin wanwe, ko a wayi gari an ture tubalin kankare guda an yi haramtacciyar kafa daidai bakin kasuwa. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tara kan saɓa alamar hanya da bin hannun da ba naka ba, jihar Legas kuwa ta kai ga ƙwace motocin masu bin wanwe ta hannun kotu tana gwanjonsu.