Wa ke sa wa gwamnatin mulkin mallaka ido? Labarin Hong Kong

Wai a ƙarƙashin mulkin mallaka akwai inda talaka zai kai ƙarar ma'aikatan gwamnati?

A Hong Kong an samu, amma a ƙurarren lokaci. Turawan Ingila sun kama tsibirin tun 1841, sai a 1989 aka buɗe ofishin Kwamishinan Koke-koke, saura shekara takwas su miƙa yankin ga ƙasar Sin. Wani tsohon alƙali, Arthur Garcia, shi ya fara hawa kujerar. Asalin tsarin daga Suwidin yake, tun 1809. Irin aikin ne Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ke yi a Najeriya tun 1975.

Wane irin kuka ake kai masa?

Ba na cin hanci ba. Wannan aikin hukumar ICAC ne, wadda aka kafa a 1974 bayan wani babban ɗan sanda, Peter Godber, ya tsere ana cikin bincikar dukiyarsa. Shi kwamishina nasa shi ne sakaci da jan ƙafa: takardarka ta yi wata da watanni a kan tebur, ko a yi ta ce maka jeka ka dawo, ko a fifita wani a kanka ba dalili.

Kowa na iya zuwa kai tsaye?

Da farko a'a. Sai ɗan majalisar dokoki ya miƙa kukanka, alhali a lokacin babu ko ɗaya cikinsu da jama'a suka zaɓa kai tsaye. Irin wannan zaɓe sai 1991 aka fara shi. Ka ga an gina ɗaki, an ba wani makulli. A 1994, zamanin gwamna na ƙarshe Chris Patten, aka gyara doka: mutum ya je da kansa, kwamishina kuma ya iya fara bincike ko ba wanda ya kawo ƙara.

To, da gaske yana cin gashin kansa?

Rabi da rabi. A zamanin Turawa gwamna ke naɗa shi, yawancin ma'aikatansa aro ne daga gwamnatin da yake bincika, ayyukan 'yan sanda kuma ba huruminsa ba ne. Ba ya hukunta kowa, shawara kawai yake bayarwa, in an ƙi ji ya kai rahoto ga gwamna. A 1996 aka sauya masa suna zuwa Ombudsman, wato mai karɓar koke-koken jama'a, amma raba ofishin da gwamnati sai a 2001, shekara huɗu bayan Turawa sun tafi.