Me ake nufi da "maganin tare amai" kafin allurar ketamin?

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙofar ɗakin tiyata, ko a asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi ko can Azare, da wuya bai ji ma'aikata na ambaton ketamin ba. Tsohuwar allurar barci ce: a 1962 aka haɗa ta a Amurka, a 1970 aka amince a yi wa mutane aiki da ita. Likitocinmu na son ta saboda ba ta cika danne numfashi ba.

Abin da ya dawo da sunanta bakin mutane yanzu shi ne ciwon damuwa mai taurin kai, wanda ya ƙi jin ƙwayoyin da aka saba bayarwa. Nan ɗan kaɗan ake sa wa, kamar rabin miligiram a kan kowane kilo na nauyin mutum, ta ƙarin ruwa cikin minti 40. A 2019 Amurka ta amince da wani nau'i na fesawa a hanci mai suna Spravato.

To, ketamin tana zuwa da jiri da tashin zuciya, wani har ya yi amai. Amai kuwa ga wanda hankalinsa bai gama dawowa ba abin tsoro ne, don yana iya sarƙe shi ya gangara huhu. Maganin tare amai shi ne wanda likita ke bayarwa tun kafin a fara, ko da zarar zuciya ta soma tashi.

Wanda aka fi haɗawa da ita shi ne ondansetiron, yawanci miligiram 4 zuwa 8. Yana toshe saƙon da hanji ke aika wa ƙwaƙwalwa cewa a yi amai, kuma ba ya ƙara barci. Amma yana da nasa hali: yakan ɗan jinkirta wutar da ke tafiyar da bugun zuciya. Ga mai lafiyayyar zuciya wannan ba ya cika zama komai. Ga mai ciwon zuciya, ko wanda gudawa ta zubar masa da gishirin jiki, ko mai shan kwinin na zazzaɓin cizon sauro, ko wasu magungunan ƙwaƙwalwa irin su halofaridol da sitalofiram, abin na iya taruwa ya rikita bugun. A ƙasar da kowa ke yi wa kansa maganin zazzaɓi, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda na fi jin tsoro shi ne kemis. Wani zai ce bari ya yi dabara, ya sayi Phenergan, wani maganin amai, ya haɗiye tun daga gida bai gaya wa kowa ba. Shi kuwa wannan maganin barci yake sa wa, sai ya hau kan na ketamin, mutum ya yi nauyi fiye da yadda likita ya lissafa. Metokilofiramid kuma, wanda shi ma maganin amai ne, musamman ga matasa, yakan sa wuya ya karkace, ido ya ƙafe sama, harshe ya yi waje. 'Yan uwa su ruɗe su ce iska ce, alhali akwai allurar da ke warware shi cikin mintuna.

Cikin ma yana da doka. A ka'idar Spravato, ana barin abinci awa 2 kafin a fara, ruwa kuma minti 30. In tiyata ce, azumin ya fi haka tsawo. Wato masar safe da miyar taushe sai ta jira. Bayan an gama fesa Spravato, ana zama a ƙarƙashin kulawa aƙalla awa 2 ana auna hawan jini, domin ketamin na ɗaga shi, kuma babu tuƙa mota ko babur sai washegari bayan an yi barci.

Ranar ganin likita, a zuba kwalayen duk abin da ake sha a leda a tafi da su, har da jiƙon gargajiya. Mace mai juna biyu ta faɗa tun kafin a tambaye ta.