Abbas Kiarostami da fina-finan da ba sa gaggawa

Wane irin fim ake nufi da fim ɗin fasaha?

Fim ne da darakta ya yi shi don akwai abin da ke cin ransa, ko kasuwa ta karɓa ko ta ƙi. Galibi kuɗinsa kaɗan ne, ba rawa da waƙa, ba faɗa, kuma a bukukuwan fina-finai irin na Cannes da Berlin da Venice ake fara ganinsa. Bayanin zai fi fita idan muka ɗauki mutum ɗaya, Abbas Kiarostami na Iran.

Shi wane ne?

An haife shi a Tehran a 1940, ya rasu a Paris a 2016. Zane ya karanta, ya yi aikin tallace-tallace, sannan ya shiga Kanoon, cibiyar raya tunanin yara da matasa, inda ya taimaka aka buɗe sashen fim. Gajeren fim ɗinsa na farko, a 1970, labarin yaro ne ɗauke da burodi, kare ya tare masa lungu. Shi ke nan labarin.

Da wanne ya kamata a fara?

Da na 1987, Khane-ye Doust Kojast, wato ina gidan aboki. Ahmad, ɗan firamare a ƙauyen Koker, ya koma gida sai ya ga ya haɗo da littafin abokinsa a jaka. Malam kuwa ya riga ya ce idan yaron ya sake yin aikin gida a kan wata takarda daban, kora ce. Ahmad ya bi wata hanya mai lanƙwasa a jikin tudu zuwa ƙauyen Poshteh yana tambaya ƙofa ƙofa.

Abin da ke kama zuciya shi ne manya ba sa jin sa. Uwarsa na wanki tana cewa ya zauna ya yi aikinsa, kakansa ya aike shi ɗauko taba don kawai ya koya masa ladabi, ana ciniki a gabansa ba wanda ya waiwaye shi. Babu mugu ko ɗaya a cikinsu. Duk wanda ya taɓa zama yaro da magana a baki a tsakanin manya zai gane wannan ciwon. A ganina ba a yi fim da yawa da suka ɗauki amanar yaro da muhimmanci haka ba.

A 1990 girgizar ƙasa ta auka wa yankin, dubban mutane suka mutu. Kiarostami ya koma neman yaran da suka fito a fim ɗin, tafiyar ta haifi fim na biyu a kan yankin Koker a 1992, na uku ya biyo a 1994.

Amma ana cewa fina-finansa suna sa barci.

Wanda ya saba da fim mai gudu zai ji nauyi a farko. Kiarostami ya sha faɗin cewa ya fi son fim ɗin da ba a ƙarasa ba, mai kallo ya cike sauran da kansa. Taste of Cherry, da ya ci Palme d'Or, babbar kyautar bikin Cannes, a 1997 tare da wani fim ɗin Japan na Shohei Imamura, haka yake. Wani mutum, Badii, yana zagaya bayan garin Tehran a mota yana neman wanda zai rufe shi da ƙasa idan ya kashe kansa. Ya ɗauki soja Bakurde, ya ɗauki ɗalibin addini ɗan Afganistan da ya ja masa kunne cewa haramun ne, ya ɗauki wani dattijo da ya ba shi labarin yadda 'ya'yan itace suka hana shi rataye kansa. Ba a faɗi dalilin Badii ba, ba a kuma nuna ko ya aikata ba. Kashe waya, a kalla da dare a zama ɗaya, kada a tura gaba.

Me ya sa yara da mota suka yi yawa a fina-finan Iran?

Bayan juyin juya hali na 1979, dole mace ta rufe kai a fim ko da a ɗakinta aka nuna ta, kuma namiji ba ya taɓa mace. Kiarostami ya ga nuna mace da mayafi a kan gadonta ƙarya ce, sai ya fitar da labaransa waje: hanya, gona, mota. Fim ɗinsa Ten na 2002 kusan gaba ɗaya a cikin mota aka ɗauke shi da ƙananan kyamarori biyu, wata mata na tuƙi tana hira da ɗanta da matan da ta rage wa hanya. 'Yan Kannywood ma suna aiki ƙarƙashin hukumar tace fina-finai mai ƙa'idoji masu kama da waɗannan, shi ya sa nake ganin daraktocinmu sun fi kowa buƙatar kallonsa.

Bayan shi sai wa?

Jafar Panahi, wanda ya yi masa mataimaki, kuma Kiarostami ne ya rubuta masa The White Balloon na 1995. Sai Majid Majidi da Children of Heaven, yaro da ƙanwarsa suna karɓa-karɓar takalmi ɗaya zuwa makaranta. Mai son labari mai zafi ya nemi A Separation na Asghar Farhadi, wanda ya ci Oscar a 2012.