Ɗigon hanjin bakwaini: me Amurka ta hana, me OMS ta ce?

Wani saƙon murya na ta yawo a WhatsApp a nan Yamai, wai Amurka ta gano ɗigon da ake ba bakwaini guba ne, an kuma haramta shi a duniya. Ƙanwata da ta haihu a wata bakwai ta kira ni da tsakar dare, muryarta na rawa: "Yaya, in ɗauke shi daga kwalba mu koma gida?" Na ce mata ta zauna inda take.

Abin da ake magana a kai shi ne furobiyotik, wato ƙwayoyin halitta masu rai, dangin waɗanda ke cikin kindirmo, da ake ɗiga wa jariri don kare hanjinsa. Akwai ciwon da ke kama hanjin bakwaini har ya fara ruɓewa: ciki ya kumbura ya yi sheƙi, amai ya zama kore, a ga jini a kashi. Yana kisa da sauri.

A watan Satumba 2023 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta gargaɗi likitoci, bayan wani bakwaini da bai kai kilo ɗaya ba ya rasu, ƙwayar da aka ɗiga masa ta shiga jininsa. Kamfanonin da ke sayar da shi kamar magani alhali ba a tantance shi ba, su aka aika wa takardar gargaɗi. Hukumar ta Amurka ce, ikonta bai ƙetaro Nijar ba.

Ita kuwa OMS, hukumar lafiya ta duniya, a Nuwamba 2022 cewa ta yi "ana iya duba yiwuwar" ba da shi ga jaririn da aka haifa kafin sati 32 kuma yake shan nonon uwa. Wannan lafazin ne ke rikita mutane. Shawara ce mai sharaɗi, babu tilas a ciki, babu tara ko ɗauri. Sharaɗin kuma yana da nauyi: sai wanda aka haɗa musamman don bakwaini, hukuma ta tantance shi, ma'aikatan lafiya sun san yadda ake ba da shi. Ke nan abin da mai tallar magani ke ɗauke da shi a tire cikin ranar Yamai bai shiga ba. Kindirmo da bauri ma ba su shiga ba, don Allah kada a ɗura wa bakwaini su.

Ni dai ina ganin OMS ta yi adalci da ba ta tilasta ba, don ba kowane asibitinmu ke da ɗakin gwajin da zai gano ƙwaya a jini da wuri ba. Abin da ke min ciwo shi ne an bar uwa da saƙon murya, ba wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani da Hausa ko Zabarmanci.

A takardar dai ta 2022, abin da OMS ta ƙarfafa shi ne nonon uwa, da rungume jariri a ƙirji, fata da fata, tun daga haihuwa. Ƙanwata na nan tana tatsa a ɗan kofi, ana ba shi kaɗan-kaɗan.